Mako Shida a Cikin Kan Tirela: Nazarin Lamarin Wani Direba Tsakanin Aikin Gida da na Ƙetare

Wannan nazari ya bi sawun direban babbar mota guda ɗaya na kusan shekara shida, tun daga ranar da ya ajiye jigilar kaya a cikin ƙasarsa ya koma ƙetare iyakokin Turai, har zuwa lokacin da ya sami tsarin aikin da ya zauna masa. Mutumin ɗan wata ƙasa ne ta gabashin Tarayyar Turai. Ba za a ambaci sunansa ba, haka ma kamfanonin da ya yi wa aiki. Dokokin da za su zo a ciki na Tarayyar Turai ne da na Birtaniya.

Asali: kafin 2019

A farkon 2019 yana da shekara 36, ya yi shekara 12 yana tuƙin babbar mota, kuma yana riƙe da lasisin rukunin CE, wanda shi ke ba direba damar jan tirela. Aikinsa ɗaukar kaya ne daga sito zuwa manyan kantuna a cikin ƙasa. Yakan fita ƙarfe huɗu na asuba, ya dawo da yamma liƙis, wani lokaci bayan duhu ya shiga. Yana da mata da 'ya'ya biyu, ɗan shekara tara da 'yar shekara biyar, ga bashin banki na gidan da suke ciki. Albashin yana isa wata ya zagayo, amma ba ya barin komai a hannu.

Abin da ya ja hankalinsa ba ɓoyayye ba ne. Abokan aikinsa da suka koma ƙetare suna dawowa hutu da sababbin motoci, wasu sun ƙarasa ginin da suka daɗe da farawa. Adadin da kamfanonin ƙetare ke sawa a tallarsu ya ninka abin da yake samu. Ga kuma motar kanta: sabon kai mai gado da firiji, maimakon tsohuwar motar da yake fama da ita. Akwai wani abu kuma da direbobi suka fi fahimta fiye da mutanen waje. Mai aikin gida yana tsayawa wuri goma a yini, ko'ina sai ya yi jiran layi, ya yi musu da mai karɓar kaya. Na ƙetare kuwa lodi ɗaya zai yi, ya yi kwana biyu ko uku shi da hanya, ya sauke sau ɗaya. Babu mai tsaya masa a kai.

Shirinsa shekara biyu ne kacal: ya rage bashin gida, ya dawo. Tambayar da bai yi ba lokacin sa hannu ita ce yadda aka haɗa wannan babban adadi. An haɗa shi ne daga gida biyu. Ainihin albashin da ke rubuce a takardar aiki ɗan kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin albashin da dokar ƙasarsa ta ƙayyade. Sauran duka, wato fiye da rabin abin da ke shiga hannunsa, kuɗin guzuri ne da ake biya bisa kowace rana da ya kwana a waje. Ba a cire wa wannan guzuri haraji, ba a cire masa kason fansho ko na inshorar rashin lafiya. A lokacin sai ya ga hakan riba ce.

Afrilu zuwa Disamba 2019: watannin farko

An yi masa alkawarin mako huɗu a hanya, mako ɗaya a gida. Motar ba ta dawowa gida tare da shi. Tana can yammacin Turai tana aiki ba tsayawa, direbobi ne ake sauyawa. Ƙaramar bas ke kwasarsu ta yi kusan yini guda a hanya zuwa wani fili a Beljiyam, ta sauke masu shiga ta ɗauki masu fita. Wannan yini na zuwa da na dawowa daga cikin makon hutunsa suke fita.

Tirelar mai labule ce a gefe, tsawonta mita 13.6, tana ɗaukar falet 33, wato katakon da ake jera kaya a kai, kuma nauyin mota da kaya bai kamata ya wuce tan 40 ba. Yana zirga-zirga tsakanin Jamus, Holan, Beljiyam, Faransa da Ingila.

Wanda bai san takograf ba, ba zai gane rayuwar direban Turai ba. Na'ura ce a cikin kan mota da direba ke soka katinsa a ciki, tana rubuta kowane minti: tuƙi, wani aiki, jira, hutu. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 561 ta shekarar 2006 ta ce tuƙin yini awa 9 ne, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako. Bayan awa huɗu da rabi dole a huta minti 45. A mako kada a wuce awa 56, a mako biyu a jere kada a wuce 90. Hutun dare awa 11 ne, ana iya rage shi zuwa 9 sau uku tsakanin hutun mako da na gaba. Cikakken hutun mako kuwa awa 45 ne. Motar ma an ɗaure mata gudu a kilomita 90 a awa.

Tun tafiya ta uku mako huɗun nan ya koma shida, domin wanda zai karɓe shi bai zo ba, kuma daga nan shida ta zama ƙa'ida. Mako shida awa 1,008 ne. A cikinsu, ko da ya cika iyakar doka, awa 270 kaɗai zai tuƙa. Sauran awa 738 barci ne, da jiran lodi a ƙofar masana'anta, da zaman ƙarshen mako, dukkansu a cikin ɗaki mai faɗin da bai kai na ƙaramin sito ba, ko kuma a gefensa. Jamus ta hana motoci masu nauyin sama da tan 7.5 tafiya ranar Lahadi daga tsakar dare zuwa ƙarfe goma na dare, Faransa ma tana da irin wannan hani daga daren Asabar. Saboda haka duk ƙarshen mako a zangon gefen babbar hanya yake yin sa, ya dafa abinci a ƙaramin risho kusa da taya, ya wanke tufafi ya shanya a jikin mota, ya yi waya da gida har caji ya ƙare. Kotun Tarayyar Turai ta riga ta yanke hukunci tun Disamba 2017 cewa ba a yin cikakken hutun mako na awa 45 a cikin mota. Kamfaninsa bai taɓa kama masa ɗaki ba, shi ma bai nema ba, don yana tsoron barin kaya ba mai gadi.

Kuɗi kam ya shigo. Cikin wata tara ya biya abin da a aikin gida sai ya shekara uku bai biya ba. Wannan gaskiya ce, kuma duk nazarin da ya ɓoye ta bai yi wa masu zaɓar wannan aiki adalci ba.

Asara ta farko ta zo a Nuwamba. Zangunan manyan hanyoyin Jamus kan cika tun kafin faɗuwar rana, wanda ya zo a makare sai ya yi ta wuce su ɗaya bayan ɗaya yana kallon mintinsa na ƙarewa. Ran nan lokacinsa ya cika bai sami wuri ba, sai ya yi fakin a wani lungu mara fitila. Da gari ya waye ya tarar an tsaga labule, an kwashe kwalaye daga falet biyu, an kuma zuƙe man dizal daga tanki. Ya kira 'yan sanda, suka ba shi takarda. Kamfanin inshora ya ce an ajiye mota a wurin da babu tsaro. Kamfaninsa kuma ya yanke wani kaso na asarar daga guzurinsa har wata uku. Watanni kafin haka ya tambayi mai rabon lodi a ofis ko za a riƙa biyan kuɗin fakin mai gadi, aka ce masa in yana so ya biya daga aljihunsa.

Fabrairu 2020: Calais

Hanyar Ingila tana da nata sha'anin. Mutanen da ke neman shiga Birtaniya ba takarda sukan ɓuya a cikin tireloli masu nufin tashar Calais ta Faransa. Dokar Birtaniya ta shige da fice ta 1999 ta ɗora wa direba da mai mota tara a kan kowane mutum da aka samu a ciki, ko da direban bai san da shi ba, matuƙar bai nuna ya kulle motar kuma ya duba ta yadda aka tsara ba. A lokacin iyakar tarar fam 2,000 ce a kan mutum ɗaya. A Fabrairun 2023 aka ɗaga ta zuwa fam 10,000.

Shi ya sa kamfanoni da yawa ke hana direbobinsu tsayawa idan sun kusa Calais. Amma takograf ba ta san Calais ba. Idan awa huɗu da rabi ta cika, tsayawa dole ce. Gaba kura, baya sayaki: ka tsaya a shiga maka mota, ka wuce ka karya doka a rubuce a katinka.

Ranar da abin ya same shi, cunkoso a Beljiyam ne ya cinye masa lokaci, hutun minti 45 ya faɗo masa saura kusan kilomita 100 ya isa tasha. Ya tsaya. Kafin ya tashi ya zagaya motar, ya ga kwaɗo da igiyar ƙarfe da hatimi duk suna nan yadda ya bar su. Bai hau ya duba rufin ba, bai kuma cike takardar dubawa ba, don yana sauri kada jirgin fito ya tafi ya bar shi. A wurin binciken jami'an Birtaniya da ke cikin tashar, karnuka suka tsaya a kan motarsa. Mutum huɗu aka fito da su, ta rufi suka yanka tamfol suka shiga. An rubuta wa kamfani tararsa, an rubuta masa tasa, wadda ta cinye guzurin kusan wata guda.

Daga baya ya ce ba tarar ce ta hana shi barci ba. Wata huɗu kafin nan, a Oktoban 2019, aka sami gawar mutum 39 'yan Vietnam a cikin tirela mai sanyi a yankin Essex na Ingila. Shi kuwa ya yi awa ɗaya da rabi yana gudu da rayuka huɗu a bayansa tsakanin falet masu nauyi, birki ɗaya mai ƙarfi zai iya danne su, kuma bai sani ba.

Maris zuwa Disamba 2020: annoba

Da cutar korona ta ɓarke, ƙasashe suka dawo da binciken kan iyaka, layin manyan motoci ya kai kilomita gommai a wasu mashigai. Masana'antu da yawa suka hana direbobi shiga bayinsu. Bas ɗin sauyin direbobi ta tsaya, sai ya yi mako tara a jere bai ga gida ba.

A ranar 20 ga Agustan 2020 sababbin ƙa'idojin sufuri na Tarayyar Turai suka fara aiki. Sun wajabta wa kamfani ya tsara aiki yadda direba zai iya komawa gida a cikin kowane mako huɗu, kuma kamfani ne zai biya masauki idan cikakken hutun mako ya kama shi a waje. Kamfaninsa ya kawo wa direbobi takarda su sa hannu cewa su ne da kansu suka zaɓi zama a hanya. Ya sa hannu, don guzurin mako shida ya fi na huɗu.

A daren 20 ga Disamba Faransa ta rufe iyakarta da Birtaniya na awa 48 saboda sabon nau'in cutar. Dubban manyan motoci suka maƙale a yankin Kent, aka jera da yawa a tsohon filin jirgin sama na Manston. Yana cikinsu. Ko da aka buɗe, sai mai takardar gwaji ke wucewa, har sojoji aka kawo su taya yin gwajin. A can ya yi Kirsimeti, bas ɗin da za ta kai shi gida kuma ta riga ta tafi. Daga 1 ga Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga tsarin kwastan na Tarayyar Turai, takardun kwastan suka ƙaru a wannan hanya, jira ma ya ƙaru.

Maris zuwa Mayu 2021: jinya

Shekara biyun da ya yanka wa kansa sun kusa cika lokacin da bayansa ya riƙe a wata masana'anta a Holan, yana jan igiyar ɗaure kaya. Likita ya ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya goce ya danne jijiya. A gwajin aka ga jininsa ya hau, kuma ya ƙara kilo 14 tun da ya fara aikin ƙetare. Aka ba shi hutun jinya na mako tara.

A nan ne tsarin albashin ya nuna ainihin fuskarsa. Kuɗin jinya daga albashin da ke rubuce ake lissafa shi, guzuri kuwa yana tsayawa ne ranar da taya ta daina juyawa. Abin da ya shigo musu a waɗannan makonni bai kai kashi ɗaya bisa uku na abin da suka saba ba. Da ya nemi bayanin fanshonsa, ya ga abin da aka zuba masa a shekara biyun nan bai kai na shekara biyun ƙarshe da ya yi a aikin gida ba. Ya je banki neman a sassauta masa biyan bashi, su ma albashin takarda suka duba.

Zaman mako tara a gida ya nuna masa wani abu kuma. A makon hutunsa na da, kwana biyun farko barci yake yi, kwana biyun ƙarshe haɗa kaya. Matarsa ta saba yanke komai ita kaɗai, daga makarantar yara zuwa gyaran famfo, kuma idan ya sa baki sai a ga kamar baƙo ne ke gyara wa masu gida zama. Ɗansa, wanda ya kai shekara 11, ya daina kawo masa labari. Idan ya tambaye shi, amsa ɗaya ce: lafiya lau.

Yuli 2021 zuwa Fabrairu 2022: gwaji na farko, sauya kamfani

Ya ɗauka matsalar daga kamfani take. Lokacin kuma ana ƙarancin direbobi a Turai, har gidajen mai suka ƙafe a Birtaniya a Satumban 2021 saboda rashin masu tuƙa tanka. Aiki bai yi masa wuyar samu ba. Sabon kamfanin ya fi biya, amma bisa kilomita yake biya.

Doka ta 561 ta hana ɗaura ladan direba a kan nisan tafiya ko yawan kaya idan hakan zai sa shi keta ƙa'idar tsaro. Dalilin hanin ya bayyana gare shi cikin 'yan makonni. Awa biyar na jira a ƙofar sito ba ta da kilomita, don haka ba ta da kuɗi. Sai ya fara danna alamar hutu a takograf alhali yana tsaye yana sa ido a kan lodi, don ya ajiye awanninsa na tuƙi. A takarda ya huta, a jiki bai huta ba. Sau biyu mai rabon lodi ya matsa masa ya zare kati ya ƙarasa kilomita 30 da suka rage don kada a rasa lokacin sauke kaya. Karon farko ya ƙi, na biyu ya yi.

A Janairun 2022 jami'an binciken hanya suka tare shi a Faransa. A lokacin suna da ikon duba kwana 28 baya a katin direba (daga ƙarshen 2024 ya koma kwana 56). Na'urar motar ta nuna tafiyar da aka yi ba kati. Aka tsare motar har sai da aka biya tara. Umarnin zare katin ta baki aka ba shi a waya, babu inda aka rubuta, saboda haka kamfanin ya ce laifin direba ne. Ya ajiye aikin a wata mai bi.

Maris zuwa Oktoba 2022: gwaji na biyu, komawa aikin gida

Wannan karon ya yanke cewa ƙetaren ne kanta matsala. Ya koma rarraba kaya ga kantuna, aikin dare. Kowace rana a gadonsa yake kwana, sai dai da rana yake kwanan, lokacin da gida ke cike da motsi. Wurin sauke kaya takwas zuwa 12 a dare ɗaya, kuma shi ke jan falet da keken hannu daga mota zuwa cikin kanti. Daga fita zuwa dawowa awa 13 ba abin mamaki ba ne.

An sami alheri a ciki. Nauyinsa ya fara raguwa, yana cin abincin gida, yana kai ɗansa wasan ƙwallo ranar Asabar. Amma abin da ke shiga hannunsa ya ragu da kusan rabi, a shekarar da farashin makamashi da na abinci ya tashi a duk faɗin Turai bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine. Sau biyu suka makara a biyan banki. Jan falet kuma ya tayar masa da ciwon baya. An gudu ba a tsira ba. Bayan wata takwas ya bari.

A hunturun da ya biyo baya ya gwada tuƙin mutum biyu zuwa Sifaniya, inda doka ta yarda mota ta yi ta tafiya muddin direbobin za su huta awa 9 a cikin kowace awa 30. Bai iya barci a mota mai gudu ba. Wata uku ya yi.

Fabrairu zuwa Afrilu 2023: lissafi

Matarsa ce ta kawo shawarar su daina canki-canka su zauna su yi lissafi. Suka tattara takardun banki na shekara huɗu da bayanan katin takograf. Ga kowane aiki suka rubuta abin da ya shigo, suka cire abin da hanya ta ci: abinci, kuɗin wanka da na bayi a zango, fakin, waya, tara, da abin da kamfani ya yanke. Sannan suka raba abin da ya rage da awannin da ya yi ba ya gida, tun daga fita ƙofa har dawowa, ba awannin tuƙi kaɗai ba.

Sakamakon ya ba shi mamaki. A aikin mako shida, ladan awa ɗaya bai kai na aikin gida ba, bai ma yi kusa ba. Adadin wata ya yi girma ne kawai saboda yana sayar da dukkan awannin watan, har da na barci da na Lahadi. Aikin gida ya fi biya a awa, amma jimillarsa ba ta ɗaukar nauyin gidan. Suka kuma lura cewa manyan asarorinsa uku, wato sata, Calais da tarar Faransa, duk sun faru ne a ranar da lokacin tuƙi ya ƙare masa a wurin da bai tsara tsayawa ba.

A daidai waɗannan makonni labarin Gräfenhausen ya cika kafafen yaɗa labarai. Direbobi gommai, galibinsu 'yan Jojiya da Uzbekistan, suka jera motocinsu a wani zango na babbar hanyar A5 a Jamus suka ƙi motsawa na tsawon makonni, har sai da aka biya su haƙƙinsu da aka riƙe. Daga nan ya ƙudurta ba zai ƙara karɓar alkawarin baki ba. Abin da zai nema yanzu shi ne hanya ɗaya tabbatacciya da zai san zangunanta, hutun mako a gida, albashin takarda mai kauri ko da guzuri zai ragu, da kuma rubutaccen bayani kan wanda zai biya fakin da wanda zai sauke kaya.

Mayu 2023 zuwa Disamba 2024: abin da ya yi aiki

Irin wannan aiki ba ya zuwa a talla. Ya yi wata uku yana tambaya, ya kuma biya kuɗin horon ADR, takardar shaidar ɗaukar kaya masu haɗari wadda ke aiki shekara biyar. Ita ce ta buɗe masa ƙofa a wani matsakaicin kamfani mai jigilar kayan haɗa motoci, domin a cikinsu akwai batura da jakunkunan iska, waɗanda doka ta sa a rukunin kaya masu haɗari.

Hanyar daga wata masana'anta ce a ƙasarsa zuwa wata a Jamus, kusan kilomita 650, wato tuƙin yini ɗaya. Zuwa da dawowa biyu yake yi a mako. Yana fita Litinin da asuba, yana ajiye mota Juma'a da rana. Dare uku, wani lokaci huɗu, yake kwana a mota, ko dai cikin shingen masana'anta ko a fakin mai gadi da kamfani ke biya kai tsaye. Injin ɗaga kaya na masana'anta ke lodi da saukewa, shi nasa ɗaurewa da duba takardar CMR, wato takardar rakiyar kayan da ke ƙetare iyaka. Babu kwastan, babu jirgin fito. Ya san inda awa huɗu da rabi za ta cika masa, ya san zango na biyu idan na farko ya cika.

A wata 20 ɗin nan ba a ci shi tara ba, ba a yi masa sata ba. Abin da ke shiga hannunsa ya gaza na watanninsa mafi kyau a ƙetare da kusan kashi ɗaya bisa biyar, amma ya fi na aikin gida nesa, kuma mafi yawansa albashin takarda ne. Ya rage kilo takwas daga 14 ɗin da ya ƙara. Yana shan maganin hawan jini kullum, bayan kuma yana tashi lokaci-lokaci. Bashin da ya yi shirin ragewa a shekara biyu zai kai shi shekara uku nan gaba.

Tsugune ba ta ƙare gaba ɗaya ba. Tun Oktoban 2023 Jamus ta dawo da bincike a wasu iyakokinta na gabas, a Satumban 2024 ta faɗaɗa shi zuwa dukkan iyakokinta na ƙasa, kuma layin kan cinye masa awa guda ko biyu. Aikinsa kuma ya dogara da masana'anta ɗaya. Da kasuwar motoci ta yi sanyi a 2024, an yi makonnin da tafiya ɗaya kaɗai ya samu.

Hukunci

A ganina kuskurensa na farko ba zuwa ƙetare ba ne. Kuskuren shi ne ya auna aikin da adadin wata, alhali abin da ake saye a wurinsa dukkan lokacinsa ne. Guzuri kuɗi ne na gaske, kuma ya rage masa bashi na gaske, amma kuɗi ne na mai lafiya. Ranar da ya kwanta, sai ya zama ma'aikaci mai mafi ƙarancin albashi, kuma haka fanshonsa zai tuna da waɗannan shekaru.

Gwajin farko ya gaza ne domin ya sauya ubangida bai sauya tsari ba, ya ma faɗa wanda ya fi muni. Biyan kilomita yana sa direba ya riƙa yi wa kansa ha'inci a kan barcinsa, kuma idan an kama, katin da ke cikin na'ura sunansa ne a jiki, ba na wanda ya yi masa waya ba. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata min rai a dukkan lamarin. Mai zaɓar hanya da lokaci da wurin kwana yana zaune a ofis, mai biyan kuɗin sata da tara yana cikin mota. Gwaji na biyu kuwa ya gaza domin ya ɗauka aikin gida hutu ne. Aikin gida yana cin baya da gwiwa fiye da na ƙetare, kuma kwana a gida bai zama zama da iyali ba ga mai aikin dare.

Na ƙarshe ya yi aiki domin ya cire rashin tabbas, wanda shi ne tushen asarorinsa. Har yanzu yana ƙetare iyaka sau huɗu a mako, saboda haka iyakar ba ita ce ciwon ba. Ban ga laifin matashin da ba shi da iyali ba idan ya zaɓi doguwar tafiya na ɗan lokaci da idonsa a buɗe, ya san nawa ne albashin takarda, ya ga an rubuta wanda zai biya masauki da fakin. Ga magidanci mai yara ƙanana, ina ganin farashin ya fi abin da tallar ke nunawa.

Dole kuma a faɗi iyakar wannan nazari. Mutumin nan ya iya ajiye aiki sau huɗu ne domin ɗan Tarayyar Turai ne, lasisinsa da izinin zamansa ba su rataya a wuyan kowane kamfani ba. Hanyoyi irin wadda ya samu kaɗan ne. Kujerar mako shida da ya bari ba ta zauna fanko ba. Yanzu da yawa daga masu zama a kanta daga wajen Tarayyar suke zuwa, daga Ukraine da Belarus da ƙasashen tsakiyar Asiya, kuma takardar shaidar da ke ba su damar tuƙi a Turai kamfanin da ya ɗauke su ne ake ba wa ita, da sunansa take fita.